Daga salula zuwa kwamfuta ba tare da mega ba: abin da Bluetooth ke iyawa, da inda ake yin asara

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, wayar salula ta zama akwatin ajiyar matasa da yawa. A cikinta hotunan biki da na suna suke, da hoton katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da darussan jami'a, da lambobin abokan ciniki, da muryar iyaye da aka turo ta WhatsApp. Galibi kuma babu kwafin waɗannan abubuwa a wani wuri dabam. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko allonta ya mutu, ko aka fizge ta a kasuwa, shi ke nan an yi asarar abin da kuɗi ba ya sayowa.

Manyan kamfanoni na ba da shawarar a riƙa ajiya a intanet, a Google ko iCloud. To amma wannan shawara tana cin mega, tana kuma buƙatar rezo mai ƙarfi, abin da ba kullum ake samu ba. Akwai wata hanya da ke cikin kusan kowace waya, har da ƙananan Itel da Tecno masu maɓalli da dama: a haɗa waya da kwamfuta ta iska, a tazarar da ba ta wuce faɗin tsakar gida ba. Ba ta cin ko dala, ba ta neman katin sim, ba ruwanta da ko akwai rezo ko babu. Sai dai tana da iyakarta, kuma wanda bai san iyakar ba zai iya ɓata lokacinsa, ko ma ya bar sirrinsa a hannun wani.

Sunan sarki, aikin injiniyoyi

An fara aikin ƙirƙiro Bluetooth ne a shekarar 1994 a kamfanin Ericsson, a garin Lund na ƙasar Suwidin, inda wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Jaap Haartsen, ya taka babbar rawa. Manufar ita ce a raba mutane da tarin igiyoyin da ke haɗa waya da kwamfuta ko da abin saurare na kunne. A 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson, Nokia, Intel, IBM da Toshiba, suka kafa ƙungiya guda don kowa ya bi ƙa'ida ɗaya, ta yadda wayar wannan kamfani za ta fahimci kwamfutar wancan.

Sunan kuwa daga tarihi aka aro shi. Jim Kardach na kamfanin Intel ne ya kawo shawarar a sa sunan Harald, sarkin Denmak na ƙarni na 10, wanda ake yi wa laƙabi da mai shuɗin haƙori, saboda ya shahara wajen haɗa kan al'ummomin da ke rarrabe. Alamar nan mai kama da kibiyoyi da ake gani a saman allon waya, haruffan farko ne na sunansa, H da B, a tsohon rubutun mutanen arewacin Turai. Ƙa'idar farko ta fito a 1999, kuma zuwa 2001 wayoyi da kwamfutoci masu ɗauke da ita sun fara shiga kasuwa.

Kafin nan da hasken infrared ake amfani, wanda waɗanda suka riƙe tsofaffin Nokia za su tuna: sai an jera na'urori biyu fuska da fuska, kusa da juna, wani ya gitta hannu a tsakani aikin ya tsaya. Bluetooth rediyo ce, don haka tana ratsa aljihu da jaka. Tana aiki a kan zango na gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi ma ke amfani da shi. Don kada su riƙa karo, an raba zangon gida 79, na'urorin biyu kuma suna tsalle tare daga gida zuwa gida har sau 1600 a daƙiƙa guda. Irin ƙarfin da ake sa wa yawancin wayoyi yana kai kimanin mita 10, bango mai kauri kuma yana rage shi.

Hanyar da ta kai waƙar Tawa Amurka

Mutanen Sahel sun daɗe da gano amfanin wannan fasaha fiye da yadda masu ƙirƙirarta suka yi tsammani. Tun kafin intanet ta wadata a wayoyi, waƙoƙi da wa'azi da guntayen finafinai suna yawo daga aljihu zuwa aljihu, a fada wajen shan shayi, a tasha, a cikin motar haya. Direba ya karɓa a Agadas, ya sauke a Tawa, ɗalibi ya ɗauka ya wuce da ita Yamai.

Mawaƙin nan ɗan asalin jihar Tawa, Mdou Moctar, shaida ne. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Kundin bai bi ta hannun wani babban kamfani ba, ta Bluetooth da katin memori ya bazu har ya tsallaka Mali. A garin Kidal ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya riƙa musayar waƙoƙi da mutane yana kwashe abin da ke cikin wayoyinsu zuwa kwamfutarsa. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin da suna Music from Saharan Cellphones, bayan ya bi sawun masu su don ya biya su haƙƙinsu, kuma waƙar Mdou Moctar na ciki. Yau mawaƙin yana cika dandali a Amurka da Turai.

Wannan labari yana da ɗaya ɓangaren. Hanyar da ta yaɗa sunan mawaƙi ita ce kuma ta sa mawaƙa da masu shirya finafinan Hausa da yawa ke kukan cewa aikinsu na yawo ko'ina amma aljihunsu bai shaida ba. Abin da aka tura ba ya barin wayar mai turawa, kwafi ne ke ƙaruwa, kuma babu mai iya janye shi. Wannan gaskiya ta shafi waƙa, ta kuma shafi hoton da mutum bai so kowa ya gani ba.

Yadda ake haɗa su

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna zuwa da Bluetooth a cikinsu. Na tebur da yawa ba su da ita, sai an sayi wata ƴar na'ura mai girman farcen babban yatsa a soka ta a ramin USB.

Matakin farko shi ne gabatar da na'urorin ga juna. A kunna Bluetooth a waya a bar shafinta a buɗe, domin wayoyin Android na yanzu a lokacin ne kawai suke bayyana ga wasu na'urori. A kwamfuta mai Windows 10 ko 11 a shiga Paramètres, a je sashen Bluetooth, a nemi ƙara sabuwar na'ura, a zaɓi sunan wayar. Lamba mai alƙaluma shida za ta fito a allunan biyu. Idan lambar iri ɗaya ce, a amince a ɓangarorin biyu. Idan ta bambanta, a soke, domin alama ce ta cewa da wata na'ura dabam ake magana. Wannan tsari na kwatanta lamba ya zo ne da ƙa'idar 2007, ya maye gurbin tsohon yayi na buga 0000 ko 1234 wanda kowa ya sani.

A mataki na biyu ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sun haɗa, sun tura hoto, wayar ta ce aikin bai yiwu ba, sai su ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Dalilin shi ne Windows ba ta karɓar fayil sai an fara sa ta a zaman jira. A danna alamar Bluetooth da ke ƙasan allo kusa da agogo, a zaɓi karɓar fayil, taga ta buɗe tana jira, sannan a koma waya a zaɓi hoton a tura. Idan ya gama shiga, kwamfutar za ta tambayi inda za a ajiye shi. Wanda ya rufe tagar kafin ya amsa wannan tambaya, sai ya sake daga farko.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a fara

Bluetooth ba ta da sauri, kuma ba laifin wayar ba ne. Tun gyaran 2004 iyakar gudunta wajen tura fayil megabit 3 ne a daƙiƙa a takarda, wanda a aikace ba ya wuce kimanin 2.1. Megabit 8 ne ke yin mega ɗaya irin wadda ake gani a jikin fayil. Ke nan hoto mai nauyin mega 4 zai ɗauki aƙalla daƙiƙa 15, waƙa ma kusan haka, amma fim mai mega 700 zai ci kusan minti 45 ko da komai ya tafi daidai, sau da yawa kuma ya haura awa guda.

Masu sayar da waya kan yi tallar cewa wannan tana da Bluetooth 5, wadda ta fito a 2016. Gaskiya ne an ƙara mata nisa da gudu, amma a ɓangaren da aka tanada don ƙananan na'urori masu tsimin batir, irin su agogon hannu, aka yi ƙarin. Ɓangaren tura fayil yana nan yadda yake. Sabuwar waya ba za ta tura fim ta Bluetooth da saurin da ya fi na tsohuwa sosai ba.

Saboda haka ne matasa suka koma Xender da SHAREit. Ko da yake mutane na kallon su a matsayin ƙannen Bluetooth, da Wi-Fi suke aiki: waya ɗaya ta buɗe ƴar hanyarta, ɗayar ko kwamfuta ta shiga, fayil ya wuce kai-tsaye ba tare da ya taɓa intanet ba. Fim ɗin da zai ci minti 45 yana iya wucewa cikin minti biyu ko uku. Sai dai waɗannan manhajoji cike suke da talla, suna kuma neman izinin shiga wurare da dama a cikin waya. A watan Yunin 2020 Indiya ta haramta su biyun cikin jerin manhajoji 59, a farkon 2021 kuma kamfanin tsaron kwamfuta na Trend Micro ya bayyana wasu ɓarakoki da ya gano a SHAREit.

Akwai zaɓin da ba shi da wannan hayaniya. Google ya fito da Nearby Share a 2020, ya yi masa manhajar Windows a 2023, a farkon 2024 kuma aka haɗe shi da na Samsung ya koma Quick Share. Yana amfani da Bluetooth ya gano na'urar da ke kusa, sannan ya ɗora kayan a kan Wi-Fi. Yana buƙatar Windows 10 ko 11 mai bit 64, don haka tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7 da suka yi yawa a shaguna ba za su ɗauke shi ba. Akwai kuma LocalSend, manhaja ta kyauta marar talla, wadda ke aiki a Android, iPhone, Windows, Mac da Linux, muddin na'urorin suna kan Wi-Fi guda, ko da babu intanet a kansa.

Masu iPhone kuwa, musamman waɗanda ƴan'uwa suka aiko wa daga waje, su daina wahalar da kansu: Apple bai buɗe ƙofar tura fayil ta Bluetooth zuwa Windows ba. Wayar na iya haɗuwa da kwamfutar, amma hoto ba zai wuce ta nan ba. AirDrop, wanda ya zo iPhone a 2013, na'urorin Apple aka yi wa shi. Mafita ita ce igiya, ko manhaja irin LocalSend.

Haɗin yana da wani amfani bayan tura fayil: waya na iya ba kwamfuta intanet ta Bluetooth ko ta Wi-Fi. Ta Bluetooth gudun kaɗan ne amma batir ya fi daɗewa, abin da ke da muhimmanci ranar da aka ɗauke wuta. Haɗarin shi ne Windows, da zarar ta ga intanet, sai ta fara sauke sabuntawa a ɓoye, megan mako guda ya ƙare kafin shayi ya nuna. Idan ta Wi-Fi aka haɗa, a shiga saitin hanyar a nuna cewa mai iyaka ce, hakan na rage wannan ɓarna.

Shagon turi: wa ke ganin me?

Yawancin matasa ba su da kwamfuta tasu. Kwamfutar da suka fi haɗa wayarsu da ita ta mai turi ce a bakin kasuwa, ko ta siberkafe, ko ta mai buga takardu kusa da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tawa, ko Abdou Moumouni a Yamai. A nan ne zaɓin hanya ya fi muhimmanci.

Wanda ya cire katin memorinsa ya miƙa, ya miƙa duk abin da ke kai. Wanda ya soka igiya ya buɗe wayar ya amince da musayar fayil, ya buɗe wa kwamfutar hotunansa da bidiyonsa da takardunsa, har da waɗanda suka shigo ta WhatsApp. Kwashe su ba ya ɗaukar fiye da ƴan mintuna, kuma ba ya barin alamar da mai waya zai gani. Yawancin masu turi neman halalinsu suke yi, amma kwamfutar shago hannaye da yawa ke taɓa ta, abin da aka manta a kanta kuma kowa na iya ɗauka. Ta katin memori da kile USB ne kuma cutar nan da ake kira virus raccourci ke yaɗuwa, wadda ke ɓoye fayilolin mutum ta bar masa gajerun hanyoyi na bogi.

A nan ne jinkirin Bluetooth ke zama alheri. Abin da mai waya ya zaɓa da hannunsa shi kaɗai ke fita, wayar kuma tana hannunsa. Ga wanda zai buga takarda ɗaya ko hoton fasfo, daƙiƙa 20 na jira sun fi miƙa memori gaba ɗaya. Amma a lura da abu biyu. Lokacin haɗawa, waya kan tambaya ko a bar ɗayar na'urar ta ga lambobin mutane da tarihin kira. A mota ko a kwamfutar mutum ta kansa wannan na da amfani, a kwamfutar shago kuwa a ƙi. Bayan an gama kuma, a goge sunan kwamfutar daga jerin na'urorin da wayar ta amince da su, sannan a tsaya a ga an goge takardar daga kwamfutar, har daga kwandon shararta.

Ita ma Bluetooth ɗin ba ta rasa tabo ba. A 2004 aka ga Cabir, wadda ake ɗauka a matsayin cutar wayar salula ta farko, tana tsalle tsakanin wayoyi masu tsarin Symbian ta wannan hanya. A 2017 kamfanin Armis ya bayyana ɓarakar BlueBorne, wadda ke ba mai kutse damar shiga na'ura ba tare da mai ita ya danna komai ba. An toshe ta a wayoyin da ke samun sabuntawa, amma tsofaffin da kamfanoninsu suka daina kula da su sun ci gaba da zama a buɗe. Maganin mai sauƙi ne: a kashe Bluetooth idan ba a amfani da ita, kada a karɓi fayil daga sunan da ba a sani ba, kada kuma a sa cikakken suna ko lambar waya a matsayin sunan na'ura, tun da duk wanda ke kusa na iya karantawa. Manhajar da aka turo daga kwamfutar wani ma abin taka-tsantsan ce, musamman a wayar da ake ajiye kuɗi ko aika su.

Ga wanda ya tsinci hoton wani ya yaɗa, doka na nan. Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam ta hanyar na'ura. An kuma kafa hukumar kare bayanan sirrin jama'a, wato HAPDP. Amma hukunci ba ya dawo da hoton da ya riga ya shiga wayoyi ɗari, kuma sau da yawa ƴan mata ne ke ɗaukar nauyin abin kunyar.

Kafin a kama hanya

Masu tafiya bida su ne suka fi kowa buƙatar wannan ajiya. Ƙungiyoyin agaji sun sha ba da rahoton cewa da yawa daga cikin waɗanda ake korowa daga Aljeriya suna isa Assamaka ne a ƙafa, bayan an sauke su kimanin kilomita 15 daga garin, ba waya, ba kuɗi, wasu ba takarda. Wanda duk lambobin danginsa da hoton takardunsa ke cikin wayar da aka karɓe, sai ya fara daga tushe, wani lokaci ma ya rasa yadda zai sanar da gida cewa yana raye.

Aikin bai kai na rabin awa ba. A ɗauki hoton katin ɗan ƙasa, fasfo, takardar haihuwa da takardun shaidar karatu, a wuri mai haske yadda rubutun zai karantu. A fitar da lambobin waya zuwa fayil guda, abin da kowace Android ke iya yi daga sashen lambobi. Duka waɗannan ba su wuce ƴan mega ba, daidai abin da Bluetooth ke ɗauka ba wahala. A tura su kwamfutar wanda aka amince da shi a gida, a sa kwafi na biyu a kile ko katin memori da za a adana a wani wuri, domin ita ma kwamfuta tana mutuwa, ana kuma sace ta. Lambobi biyu ko uku mafi muhimmanci kuwa a haddace su, ko a rubuta a takarda.

Waɗanda suka riga suka zauna a Legas, Abijan, Tirabulus ko Faransa, su ma za su iya yin haka a inda suke, su kuma tunatar da ƙannensu na gida. Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa: ƙaramin abu mai muhimmanci a tura shi ta Bluetooth, babban kaya ta Wi-Fi ko igiya a kwamfutar da aka sani, katin memori kuwa kada ya bar hannun mai shi sai idan babu abin da zai dame shi a gani a kai. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ko mega ɗaya ba ya ci.